Baban yara ya ce satin ƙarshe na makaranta ɓata lokaci ne, ni kuma na rasa ta cewa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Yarana biyu makaranta ɗaya suke, babbar mace ce shekararta 11 tana aji shida na firamare, bana za ta gama, ƙaramin namiji ne ɗan shekara 7 yana aji biyu. Ranar Alhamis ɗin nan suka gama jarabawar ƙarshen shekara amma makaranta ta ce sai Juma'a ta sama za a ba da hutu, kinga akwai sauran sati guda cur. Kin dai san yadda satin nan yake, malamai na ofis suna makin, yara na ta guje-guje a fili, wani lokaci a kunna musu fim wani lokaci a sa su shara da ɗaga benci. To Babansu ya samu hutun kwana goma a wurin aiki daga ranar Litinin, yana so mu tafi gaba ɗayanmu mu dubo mahaifiyarsa da ta jima ba lafiya, kuma tafiyar da nisa. Ya ce satin nan ba abin da ake koya musu, in muka jira rabin hutunsa ya tafi a banza. Babbar tunda ta ji take kuka, wai akwai bikin yaye su kuma ƙawayenta kowa da makarantar da za a kai ta. Ƙaramin kuwa murna yake, dama tun da aka fara jarabawa kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, jiya da na matsa masa ya ce wai wani ɗan aji huɗu ne ke ƙwace masa kaya yana ture shi in malama ba ta aji. Na ce wa Babansu a bari su ƙarasa, ya ce in kawo masa dalili ɗaya, na rasa ta cewa, yau kwana biyu ba ma wata maganar kirki. Anti satin nan yana da amfani da gaske ko ni ce mai taurin kai?

Maman biyu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya daidaita tsakaninku. Sau biyu na karanta saƙon nan naki. A karon farko na ɗauka rigimar sati guda ce kawai, a na biyu ne na lura abin da ya fi tayar min da hankali yana can ƙasa, kin faɗe shi a gurguje kin wuce kamar ba komai ba, wato ciwon cikin yaron nan. Zan dawo kansa, amma bari mu fara da Babansu tunda shi ya nemi dalili.

Ki yi haƙuri da abin da zan ce, in dai maganar darasi ake yi to yana da gaskiya. Bayan an gama jarabawa da wuya ki ga malamin da zai buɗe sabon babi, ko ya buɗe ma yaran hankalinsu ya riga ya tafi hutu, jikinsu ne kawai a kan benci. Kuma kwana biyar ba wani abu ba ne in aka auna shi da shekara guda. A yawancin jihohin Amurka kwana 180 yaro ke yi a makaranta a shekara, a Ingila 190, kinga kwana biyar bai ma kai kashi 3 cikin 100 ba. Masu lura da fashin ɗalibai a Amurka sai yaro ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin, wajen kwana 18 kenan, sannan suke sa shi a layin masu fashin da ya zama matsala. To in yaranki dama masu zuwa ne a kan kari, satin nan ba zai mayar da su baya a karatu ba. Shi ya sa da ya ce ki kawo dalili kika rasa ta cewa, kin je neman dalilin a inda babu shi. Duk ranar da kika ce masa ai za su rasa karatu, zai ce wane karatun, fim ɗin ko sharar? Kuma ba ki da amsa. Ki bar masa wannan filin ya ci abinsa.

Kafin in wuce bari in ɗan kare malaman, don na ga yadda kika rubuta "suna ofis suna makin" kamar da ɗan haushi a ciki. Na taɓa riƙe alli na wasu shekaru kafin in bar aikin, kuma satin nan shi ne mafi wahala a duk shekara. Ki ɗauka malama tana da yara 40 kuma darussa 8 take ɗaukarsu, takardu 320 kenan, in ta ba kowacce minti biyar kacal ta haura awa 26 tana zaune da jan biro, ba a zo maganar tara maki da shigar da shi katin sakamako da rubuta wa kowane yaro 'yar magana a ƙasa ba, ga hedimasta a kanta yana cewa gobe yake so ya sa hannu. Ba lalaci ba ne. Amma fa wannan bai wanke makaranta ba, in sun san malaman aji za su shige ofis to haƙƙinsu ne su tsara wanda zai tsaya a kan yara, ko da karɓa-karɓa ne. Makarantar da ta san abin da take yi tana da jadawalin satin ƙarshe, ranar kaza gyaran jarabawa, ranar kaza wasanni, ranar kaza biki. Wadda ba ta sani ba sai ta saki yara kamar an buɗe wa awaki turke.

Yanzu babbar. Ƙanwata kar ki bari kowa ya ce miki kukan yarinyar nan shagwaɓa ce. Shekara shida ta yi tana shiga ƙofa ɗaya, tana zama da mutane ɗaya, a shekara 11 kuwa wannan ya fi rabin rayuwarta gaba ɗaya. Mu manya muna ganin ai za ta yi sababbin ƙawaye, gaskiya ne za ta yi, amma ita a yanzu abin da ta sani shi ne wadda suke raba biro da ita tun aji uku daga Juma'ar nan shike nan. Kuma duk abin da ke cikin satin nan ana iya rama shi daga baya, katin sakamako ana iya karɓa bayan hutu, darasi ana iya maimaitawa, sallama da 'yan ajinsu ce kaɗai in ta wuce ta wuce, ba wanda zai sake tara mata yaran nan a ɗaki ɗaya.

Akwai wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, ya yi da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, ina yawan tunawa da shi in ana maganar rabuwa. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na sakan 60. Sai suka sake sa su a wani zagayen, sakan 60 ɗin dai da sanyin nan, amma aka ƙara sakan 30 ana ɗan ɗumama ruwan a hankali har ya kai digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita musu, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, alhali wahalarsa ta fi yawa, don kawai ƙarshensa ya ɗan yi sauƙi. Abin da suka fitar shi ne in mutum zai tuna wani abu da ya wuce, ba ya zama ya tara kwanakin ɗaya bayan ɗaya ya raba, wurin da abin ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare su suka fi zama masa a rai. Na san tsoma hannu a ruwa da gama firamare ba abu ɗaya ba ne, amma ki tambayi kanki me kike tunawa da naki ajin shida. Ina kyautata zaton ba darasin lissafin zango na biyu ba ne. Ni dai abin da ya zauna min shi ne ban je ranar ƙarshe ba, an ɗauke ni tafiya kwana uku kafin hutu aka ce ai ba komai ake yi ba, kuma aminiyata da muke zama benci ɗaya ban sake sa ta a ido ba har yau da nake da furfura. Bai kashe ni ba, ban ce zai kashe 'yarki ba, amma kinga har yanzu ina ba da labarin.

To ga dalilinki ɗaya da aka ce ki kawo. Sai dai ki lura dalilin na babbar ne ita kaɗai, kuma bai ce dole ta yi kwana biyar ɗin cif ba, ranar bikin da ɗan abin da ke gabanta ne zuciyar maganar.

Ƙaramin kuma, a nan nake so ki tsaya ki nutsu. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ɗan shekara 7 da ke tashi da ciwon ciki ranar makaranta, ya warke garau ranar da ba makaranta, sau da yawa ba ƙarya yake yi ba, cikin na ciwo da gaske, tsoro ne ke sauka a wurin tunda bakinsa bai iya faɗa ba. In ciwon na zuwa har a ranakun hutu, ko da zazzaɓi ko amai, to ki kai shi asibiti a duba, kar mu ɗora wa tsoro komai. Amma shi ya riga ya gaya miki abin da ke faruwa, kuma ki duba lokacin da abin ya fara, daidai lokacin jarabawa, daidai lokacin da malamai suka fara barin aji. Wani masani mai suna Dan Olweus da ya yi aiki a jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarin cin zali tsakanin ɗalibai, ya nuna cewa makarantun da malamai suka fi yawa a fili lokacin tara sun fi ƙarancin cin zali. Abu ne da hankali ma zai ba ki, mai cin zali ba ya son ido. Satin ƙarshe kuwa kusan gaba ɗayansa tara ce mai tsawon kwana biyar. Ga babbar satin sallama ne, ga ƙaramin kuma satin da ya fi kowanne zama ba mai tsaron sa.

Da wannan zan ce miki shi ƙaramin ba abin da zai rasa in ya bi Babansa tun ranar Litinin. Amma akwai tarko a ciki, in kuka ɗauke shi shiru kuka tafi ba tare da an yi maganar ba, abin da zai koya shi ne in wani ya dame ka sai ka yi ciwon ciki a raba ka da wurin, kuma bayan hutu zai koma ya tarar da yaron nan ya shiga aji biyar ya ƙara tsawo. Ciwon cikin zai dawo tun daren jajibirin komawa. Don haka kafin kowa ya ɗaga jaka ki samu malamar ajinsu, ido da ido in zai yiwu, in ba zai yiwu ba ki kira ta, kar ki rubuta a guruf ɗin iyaye na WhatsApp don nan take zai zama faɗan iyaye a manta da yaran. Ki gaya mata abin da ya faɗa da bakinsa, me aka ƙwace, a ina, sau nawa, ba tare da kin ɗora mata laifi ba, sannan ki roƙi a sanar da hedimasta a kuma gaya wa malamin da zai karɓe su a aji uku tun yanzu. Wannan na ƙarshen ya fi komai, don a satin nan ne malamai ke miƙa wa juna yara, abin da ba a faɗa yanzu ba sabon malami zai fara shekara bai san da shi ba. Kar ki tare ɗan aji huɗun da kanki a bakin get, kar kuma ki tura yayarsa ta rama masa. Shi ma wancan ɗin yaro ne, shekara tara ko goma, mai yiwuwa wani ke masa haka a wani wurin, aikin makaranta ne ta kira shi da iyayensa.

Shi kuma naki ki zaunar da shi ki ce masa ya kyauta da ya faɗa, ki gaya masa kin yi magana da malama, don ya san maganarsa ta yi aiki. Kuma ki fayyace masa cewa tafiyar nan don duba kakarsa ce, ba gudu ake yi da shi ba. Babansa ma ya ji wannan labarin daga bakinki yau, ban ga alamar kin gaya masa ba a saƙonki, kuna ta ja-in-ja a kan fim da shara alhali ga abin da ya kamata ku haɗa kai a kansa.

Mu dawo kan maigidan. Ki ɗan sa kanki a matsayinsa, mahaifiyarsa na kwance, yana nesa, da kyar ya samu kwana goma, kuma ƙila a ransa akwai abin da ba zai iya furtawa ba, tsoron kar wannan ganin ya zama na ƙarshe ko kar jikokin su rasa ganinta da sauran ƙarfinta. Maza da yawa in tsoro ya kama su ba sa cewa ina jin tsoro, sai su koma lissafi, kwana kaza ya tafi a banza, kawo min dalili ɗaya. Da kika ce a bari yara su ƙarasa, abin da ya shiga kunnensa shi ne kin fifita wasan yara a kan uwarsa, ko da ba haka kike nufi ba, ni na san ba haka kike nufi ba. To ki fara cire masa wannan ƙayar tukuna. Ki samu lokacin da ya huta, yara sun yi barci, ki fara da cewa Baban wance kana da gaskiya, ba karatu ake yi ba a satin nan, kuma ni ma hankalina na wurin Hajiya, ba na so ko kwana ɗaya na hutunka ya salwanta. Daga nan sai ki kawo maganar yarinyar, ki ce abu ɗaya ne ya tsaya min, bikin yaye su sau ɗaya ake yi. Za ki ga bambanci tsakanin mutumin da aka ce masa a'a da mutumin da aka ce masa na yarda amma taimaka min da wannan.

Sai dai kar ki je wurinsa hannu rabbana. Ba a fafe gora ranar tafiya, gobe da safe ki nemi makaranta su gaya miki takamaimai me za a yi kowace rana, wace rana ce bikin, yaushe za a ba da sakamako, kuma mene ne ƙa'idarsu in yaro zai tafi kafin hutu. Wannan tambayar ta ƙarshe kar ki raina ta, dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri, a Ingila alal misali har tara ake cin iyayen da suka ɗauke yaro tafiya lokacin karatu ba da izini ba. Ko a inda ba a kai ga haka ba, gara ki rubuta 'yar takarda ki faɗi dalili, rashin lafiyar kaka ba abin ɓoyewa ba ne, da a wayi gari a ga benci ba kowa.

In kin samu jadawalin, abin da na fi karkata gare shi shi ne ku raba tafiyar. Shi ya wuce ranar Litinin da ƙaramin, ya samu kwanakinsa goma cif da mahaifiyarsa, ke ki tsaya da babbar ku bi su da zarar an yi bikin. Ba wanda ya rasa abin da ya fi so a nan, sai ɗan ƙarin ɗawainiyar tafiya kashi biyu, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne, ke kika san ƙarfinku da yanayin hanya. In bikin ya faɗo Talata ko Laraba to abin ya zo da sauƙi, ku jira gaba ɗaya ku tafi washegari, kwana biyu ko uku ya bayar ba biyar ba, shi kuma ya samu ya ga 'yarsa ana kiran sunanta, wanda ina tabbatar miki in ya zauna a wurin zai manta da ya taɓa cewa ɓata lokaci ne. In kuma akwai wata 'yar'uwa ta jiki da kuka amince da ita wadda yarinyar ta saba da gidanta, ana iya barin ta can ta ƙarasa a kawo ta daga baya, amma wannan shi na fi sanyawa a baya, biki ba uwa ba uba a cikin taro yana da nasa ciwon.

Abu ɗaya ne zai rushe duk wannan lissafin nawa. In jikin Hajiya ya yi tsanani, irin wanda likitoci ko 'yan'uwan da ke kusa da ita suka ce a zo yanzu, to ba sauran maganar biki, ku tattara ku tafi ko yau ne. Ki kira wadda ke jinyarta ki ji gaskiyar halin da ake ciki, kar ki tsaya a kan "da sauƙi" ɗin da ake faɗa a waya don kwantar da hankali.

Akwai wani amfani na satin nan da iyaye da yawa ke bari ya wuce su, ko kun tafi ko kun tsaya ina so ki kama shi. Takardun jarabawar da aka maka. Yawancinmu lambar da ke sama kawai muke kallo, 62, 78, na nawa ya zo a aji, shike nan a jefa a loko. Wata mai bincike Ruth Butler ta gwada wannan a 1988 da yara 'yan aji biyar da shida, wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da bayanin inda za su gyara kawai, wasu da duka biyun. Waɗanda suka samu bayani zalla su suka fi ci gaba a aikin da ya biyo baya, waɗanda aka haɗa musu maki da bayani kuwa ba su fi masu maki zalla ba, kamar dai idon yaro na sauka kan lamba sai ya daina ganin sauran. To ki roƙi malama ta ba ki takardun, ko ta bari ki ɗauki hotonsu a waya, musamman lissafi, sannan ki yi mata tambaya ɗaya, wane abu guda ne yaron nan bai kama ba bana? Ba za ta rasa amsa ba, shekara guda ta yi da shi, kuma bayan satin nan ba ita ce malamarsa ba.

Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne dogon hutun da ke gaba, shi ne ya fi cin karatun yaro ba satin nan ba. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan dogon hutun makarantu a Amurka, suka ga a matsakaicin lissafi yara kan koma da asarar kusan karatun wata guda, kuma lissafi ya fi zubewa a kan karatun littafi. Masanan da suka biyo baya sun yi ta muhawara a kan girman asarar, amma duk malamin da ya taɓa karɓar aji a satin farko ya san sai ya sake share fage. Ba cewa nake ki buɗe musu makaranta a gidan kaka ba, Allah ya kiyaye, hutu hutu ne. Minti goma sha biyar bayan kwana biyu, tambayoyi uku daga cikin waɗanda ya faɗi a jarabawa, da ɗan littafin labari a jaka, ya isa. Ita babbar ma ki sa ta riƙa karanta wa kakarta wani abu in jikin ya ba da dama, tsofaffi na son haka.

To in kin yi duk wannan ya kafe ya ce Litinin ɗin dai kuma gaba ɗaya, ni ba zan ce ki mayar da gidanki fagen yaƙi a kan sati guda ba. Amma kar a yi wa yarinyar irin yadda aka yi min, a ce mata ai ba komai ake yi ba. A gaya mata gaskiya, mun san wannan babban abu ne a wurinki, mun zaɓi kakarki ne don ba ta da lafiya, kuma zai fi kyau ya fito daga bakin Babanta. Ki roƙe shi ko rabin yini ne ranar Litinin da safe ta shiga ta yi sallama kafin ku kama hanya. Ki ba ta ɗan littafi ƙawayenta su rubuta mata abin da suke so, ke kuma ki karɓi lambobin iyayen biyu ko uku da ta fi shaƙuwa da su, don yaran ba su da waya, in ba ku manya kun riƙe igiyar ba za ta tsinke. Ta rubuta wa malamarta 'yar wasiƙa da hannunta. Ki kuma roƙi wata uwa ta ɗauko muku bidiyon bikin, a ajiye mata takardar shaidarta da hoton aji.

Ki fara da kiran malamar ƙaramin tun gobe, wannan ba ya jiran a gama shawarar tafiya. In kun dawo ki rubuto min ki gaya min yadda jikin Hajiya yake, da kuma ko ciwon cikin nan ya sake dawowa ranar komawa makaranta.